Baba Almakashi Yana Mayar wa Labarai Ƙarshensu

Kullum da hantsi, in rana ta shigo ta taga, Baba Almakashi yakan jawo kwali daga ƙarƙashin gado, ya zauna gaban tsohuwar kwamfutar da ɗansa ya bar masa. Ba ya aiki sai da hasken rana, don idanunsa sun fara yi masa gardama. Ya kawo takarda dab da hancinsa, ya karanta layi ɗaya, ya buga, ya sake ɗagowa. Matarsa ta rasu, 'ya'ya kuma aiki ya watsa su. Ba mai shigowa sai ƙanwarsa da ke kawo masa abinci.

Laƙabin nan ya samo shi ne a wata mujalla da ta daɗe da mutuwa, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana haɗa shafi. In talla ta shigo a makare, sai a datse labari daga ƙasa a ba ta wuri, kuma shi ke datsewa. Sai dai bai taɓa jefar da rubutun hannun da marubuta suka aiko ba. Ranar da aka rufe ofis, abokan aiki suna rububin fanka da kujeru, shi kuwa ya ɗauko amalanke ya kwashi takardu. Har yau suna yi masa dariyar wannan rabon.

Labaran nan yake bugawa yanzu, yana sa su a intanet, kowanne da ƙarshensa. Burinsa ya gama kafin idon ya tafi.

"Yaya, likita fa ya ce ka hutar da idon nan," in ji ƙanwarsa. "Wai ma wa ke karantawa?"

"Jiya mutum biyu suka leƙa."

"Ɗaya ni ce. Hannuna ne ya taɓa."

Ya yi dariya, amma maganar ta sosa masa rai. Watanni ke nan yana zuba labarai, ba wanda ya ce masa ko sannu.

Ƙanwar tana nan ranar da wata mata ta kira lambar da ya sa a ƙasan shafinsa na intanet. Ta ce mahaifinta, Allah ya jiƙansa, labari ɗaya tak ya taɓa rubutawa, na mutumin da matarsa ta rasu ta bar masa jaririya. A mujallar da ta gano cikin kayansa, labarin ya tsaya ne inda mutumin ke cewa ba ya iya kallon yarinyar, don fuskar uwar ce sak. Daga nan sai tallar sabulu.

"Baba, ni ce yarinyar," ta ce. "Na girma ina zaton nan ya tsaya."

A rubutun hannun, wanda Baba ya buga ta karanta a intanet, mutumin ya tashi ya ɗauki 'yarsa, ya koyi goyo, maƙwabta na yi masa tsiya yana cewa su yi ta yi. Matar da ta kira ta yi kuka a wayar. Da ta kashe, Baba Almakashi ya jawo takarda ta gaba.

Baba, kai ne ka ɗauki abin da duniya ta kira shara ka kwana da shi shekara da shekaru. Kai ka nuna mana cewa tsohon rubutu yana da mai jiransa, ko da mutum ɗaya ne, ko da bai san yana jira ba. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka gama lafiya.

Mu kuma da muke da tsofaffin rubuce-rubuce a akwati, namu ko na iyayenmu, mu fito da su tun gara ba ta riga mu ba. Idon Baba na hagu ya riga ya tafi, kwalaye kuwa da saura. Yatsunsa ba su mance aikinsu ba. Abin da yake nema kawai wanda zai zauna ya karanta masa yana bugawa. Kujera ɗaya ce a ɗakin, amma tuni ya aro ta biyu daga maƙwabta, ya goge ta, ya ajiye kusa da tasa.