Glenys Mai Gogen Talata

"Sau ɗaya na roƙa, Mista Pickersgill," in ji Glenys. "Sau ɗaya cikin shekara talatin da huɗu."

"Haba Glenys, ki gane mana. Sunanki a takardar talla jikin bango ba zai cika mana kujeru ba."

Shugaban makaɗan garinmu ke nan, mai kaɗa sanda, mai rina gashi yana zaton ba mu sani ba. Ni kuwa Doreen ina bayan butar shayi, wai biskit nake jerawa.

Ga abin da ya haɗa su. Akwai dogon kiɗan goge da wani ɗan ƙasarmu ya rubuta tun zamanin kakata, irin wanda mutum ɗaya ke tsayawa gaba, sauran suna amsa masa. Duk bayan shekara biyar ake yinsa a nan. Gwanin da ake ɗaukowa daga Landan sai ranar wasa yake isowa. To wata uku na gwaji, wa ke tsaya masa? Glenys Thwaite. Kowace Talata da yamma, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ita ke buɗe zauren coci, ta jera kujeru, ta tsaya gaba ta ja kiɗan nan kaf, da ka. Ranar wasa ta sa baƙar riga ta koma kujerarta cikin sauran makaɗa.

Wata shekara gwanin ya ɓata a tsakiyar kiɗa, ya tsaya zuru yana zufa. Daga kujerarta Glenys ta ja masa layin a hankali har ya kama hanya. Duk makaɗan sun ji. Shi ya tafi da furanni, ita ta tsaya taya ni wanke kofuna.

Bana za ta ajiye goge, yatsu sun fara ƙagewa. Roƙonta ɗaya ne: ta yi kiɗan a gaban jama'a kafin su ƙi gaba ɗaya.

Ke ce gwanar da kujeru kaɗai suka saurara, Glenys. Ke ce mai share fage wani ya taka rawa. Mun gode, mu da muka ji ki ta ƙofar kicin. Masu tasowa, ku koyi naci irin nata, amma don Allah kada ku kai shekara talatin kuna shiru.

"Ai mun tanadar miki girma," in ji Pickersgill, har da murmushi. "Ke za ki miƙa wa baƙonmu furanni."

Glenys ta dube shi ta sake dubansa. Ta kwantar da gogenta cikin akwati, ta ciro makullin zauren ta ɗora kusa da biskit ɗina.

"Talata mai zuwa fa? Wa zai tsaya mana?"

"Ka tambayi Landan," ta ce.

Ta fita ta bugo ƙofa, har kofunana suka yi ƙara.