Wutar da ba a gani da rana

Wata biyar ban rubuta komai a shafin nan ba. Wasu sun ce fushi na yi, wasu sun ce siyasa na shiga. Wani bawan Allah a Dungas har addu'ar gafara ya yi mini. Na gode, amma a ajiye ta tukuna.

Hannuna na dama ne ya ƙone. Ni mushe ne, malamin boko, alli nake riƙewa a lakwal, makarantarmu ta nan Magariya. In hannun nan ya tafi, aikin ya tafi.

Ƙanina ne ya kawo mini tsarabar wani ɗan murhu daga Yamai, ƙarfe da gilashi, ba gawayi ba hayaƙi, alkol, wato sifirit, ake zuba masa. Na ado ne da ɗumama ɗaki. Ya zo da takardar bayani. Ni da nake karanta har jaridar da aka ƙunso mini ƙosai, wannan ɗaya ban duba ta ba. Na cire gilashin, na ɗora butar shayi.

Wata Asabar da hantsi muna zaure da abokina Alhaji Idi, mun sha na farko. Duk mai dafa shayi ya san ba a barin wuta ta mutu kafin na biyu, tana ci ake ƙara mata gawayi. Na leƙa, ban ga harshen wuta ba.

Alhaji ya ce, "Mushe, murhun naka na ƴan boko ya shiga yajin aiki."

Na ɗauko gorar alkol, na tsiyaya.

Ashe tana nan. Wutar alkol ba ta nuna kanta da rana. Ta biyo ruwan ta shige gorar, gorar ta amayo ta a kan hannuna.

Alhaji ya danne ni da bargo. Maƙwabta suka shigo, wannan da ɗanyen ƙwai, wancan da man goge haƙori. Matata Rabi ta tare su: "Duk wanda ya shafa masa wani abu, ni da shi ne!" Ta yi ta kwarara mini ruwan randa har moto ya zo.

A gidan likita majo, babban mai jinya, ya yanke hannun rigar da almakashi, aka yi mini allura da ƙarin ruwa, aka tura ni Damagaram. Sati shida. Duk bayan kwana biyu a wanke ciwo. Na karanta littattafai da yawa a kan haƙuri, ba ɗaya da ya bi ni cikin ɗakin wankin nan. An yanko fata daga cinyata an liƙa a bayan hannun. Ordonas, takardar sayen magani, ta cinye raguna biyu da gyaɗar bana.

Lokotoro, babban likitan, ya ce, "Ƙunar za ta warke. Yatsun ne ban yi maka alkawari ba. In ka bar su suna hutawa, a haka za su ƙage."

Da ya fita na juya wajen bango na yi kuka. Ba na jin kunyar faɗa.

Masu dubiya kuwa sun gama bincikensu. "Wutar da ba a gani? Mushe, wannan ba banza ba, a tashi tsaye." Na ce ba aljani, ba maƙiyi, ni ne na zuba da hannuna. Diraktanmu ya ce a nema mini kujera a biro, aikin ofis, in riƙa buga hatimi da hagu. Na ce Allah ya saka da alheri, a ba wani.

Da muka dawo gida, kullum da safe Rabi ta dire mini faifan wake. "Malam, tsince. Da dama fa, ina kallonka." Ranar farko ƙwaya huɗu na ɗauka, gumi har ƙirji. Na ce mata zalunci ne. Ta ce in kai ƙara. Daga wake muka koma dawa, daga dawa muka koma gero.

Ƙaramin yatsa ya ƙi har yau. Sauran huɗun sun miƙa wuya.

Na gode wa Allah. Na gode wa Rabi, da Alhaji da bargonsa, da ma'aikatan da suka jure bakina.

Mai irin murhun nan, ka ji daga wanda ya taɓa. Kada ka yarda da idonka. Rufe murfin wutar ta mutu, ka jira har ƙarfen ya huce sarai, ko da shayin zai yi sanyi. Zuba da mazurari, kada ka cika shi fal. Goge abin da ya zube, rufe gorar ka kai ta nesa, wanke hannu, sannan ka kunna da dogon abu. Kada ka kuskura ka sa masa fetur. In mutum ya ƙone, ruwa mai sanyi kawai, a daɗe ana zubawa, sai likita. Ƙwai kuwa a soya wa majinyaci.

Jiya na je lakwal na gaya wa dirakta ya cire sunan wanda ke riƙe mini aji. Ya dubi hannun, ya ce, "Ka tabbata?"

Na ɗauki alli a teburinsa da hannun daman, na rubuta masa a jikin ƙofa: Litinin, ƙarfe takwas.