Bidiyon da Baba Matse Ya Rage

Sunansa na yanka kam ya ɓace tuntuni, kowa Baba Matse yake ce masa. Shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani bene yake: teburi, benci, da tsohuwar kwamfuta mai nishi kafin ta tashi. Sana'arsa matse fayil. Mutum zai zo da hoton takardar makaranta ko ta neman aiki, shafin intanet ya ƙi karɓa, wai ya yi nauyi, kada ya wuce megabayit biyu. Sai Baba ya gyara zaman tabarau, ya rage nan, ya datse can, har abu ya shige.

In mutane suka hau zagin masu shafin, shi ke kare su. "Ba mugunta ba ce. In kowa ya turo abin da ya ga dama, na'urarsu ta shaƙe, mu duka mu rasa."

Yana da ɗabi'a guda. Kwamfutar ba ta da isasshen wurin ajiya, don haka da ya matse fayil sai ya ɗora ƙaramin a kan babban, na asali ya tafi. Hannunsa ya saba, ko tunani ba ya yi. Matarsa in ta kawo masa abincin rana takan tsaya tana kallo, ta ce, "Malam, wata rana ni ma za ka ce na yi nauyi, ka matse ni."

"Ke ai ba ki matsuwa," in ji shi. "Surutunki kaɗai sai ya cika kwamfutar nan."

Ciwon da ya yi ajalinta bai yi sati ba. Ita kuwa mace ce mai gudun kamara, abin da ya rage nata bidiyo ɗaya ne tak: tana shanya a tsakar gida, tana dariya, tana cewa ya ajiye wayar nan ya miƙo mata bokiti. Wayar an sace ta daga baya, amma Allah ya sa ya riga ya kwafe shi a kwamfuta. Kullum kafin ya rufe shago sai ya kalla.

Rannan 'yarsu, wadda aure ya kai ta nesa, ta kira shi tana kuka. "Baba, turo min bidiyon Mama. Wallahi na fara manta muryarta."

Nan take ya maƙala shi a imel. Aka ce ya yi nauyi. Ya rage, aka sake ƙi. Ga mutane cike da benci, wani sai cewa yake, "Haba Baba, yau za a rufe shafin fa!" Ya ƙara matsewa sosai. Kwamfuta ta tambaya ko a maye gurbin na da, yatsansa ya danna "eh" kamar yadda ya saba yi wa kowa. Saƙo ya tafi.

Sai da yamma ya buɗe bidiyon. Wayyo! Fuskarta ta dagargaje ta zama ƙananan murabba'ai, dariyar kuwa kamar daga cikin gwangwani. Ya birkice kwamfutar kaf, babu. Ya kinkime ta ya kai wa mai gyara, shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka fi ni sani. Abin da aka matse ba ya dawowa."

A kan matakalar benen ya zauna ya yi kuka, kukan da ko ranar jana'iza bai yi irinsa ba.

Washegari 'yar ta kira. "Baba, ya iso, amma bai fito da kyau ba. Ba komai, ka adana na asalin, in na zo sai in kwafa."

Ya ce, "To, 'yata."

Har yau yana nan a shagon. Yanzu kowa ya kawo fayil, biyu yake ajiye masa, babba da ƙarami, ko mutum bai nema ba. 'Yar tana tafe wata mai kamawa, har ta ce ta sayi filashin da za ta kwafi bidiyon a ciki. Bai gaya mata ba tukuna.