Turmin Matar Yayana

Ko zan manta da komai na shekarar da gubar dalma ta shiga ƙauyenmu a ƙasar Anka, ba zan manta da gardamar da na yi da Inna ba.

A lokacin maza kan kawo duwatsun zinariya gida, mata su daka a turmin da ake dakan gero. Ɗan yayana, mai shekara biyu, ya yi ta jijjiga har ya rasu. Ni da nake karatu a Gusau na riga na ji likitoci na cewa ƙurar dutsen ce. Na ce dole a faɗa wa uwarsa. Inna ta ce kul.

"Inna, ƙarya ƙarya ce, a ko'ina, ga kowa," na ce, ina ji da ɗan ilimina.

Ta ce, "Wagga da ta yi kwana ukku ba ta ci tuwo ba? Daidai ga mai lahiya daban, daidai ga mai karyayyar zuciya daban."

Muka rabu kowa na kan bakansa.

Washegari matar yayan nawa ta tare ni a tsakar gida. "Malam, kai ka yi boko. Don Allah, turmina na?"

Na dubi idonta, duk hujjojina suka zube. Na ce, "A'a, kwanansa ne ya ƙare." Har yau ina jin kunyar saurin da maganar ta fito.

Bayan sadakar bakwai ta koma dakan dutsen, da jaririyarta a goye. Me zai hana ta? Ai ni na wanke turmin daga zargi. Ina tsaye na kasa motsi, sai Inna ta taso ta riƙe taɓaryar.

"Ɗiyata, aje. Dutsen ga na yak kashe shi. Kuma ba ke ɗai ba. Ni ma na daka, da hannuna nib ba shi hurar turmin ga."

Suka rungume juna suna kuka. Ranar aka kai jaririyar asibiti a Anka. Yanzu tana makaranta.

Har Inna ta rasu ba mu raba gardamar ba. Abin da na koya shi ne, gaskiya ba ta canjawa, amma ba kowa ke da ikon faɗarta ba, sai wanda zai tsaya ya ɗauki nauyinta tare da kai. Ni na iya muhawara, Inna ce ta iya ɗauka.