Maganar da Na Yi a Kan Lawali Direba

A Zurmi na tashi, a hannun kakata ta wajen uba, Kaka Ige. In an gama girbi, gero ya shiga rumbu, sanyi ya fara sauka, da an idar da magariba sai ta sa a jawo kara a hura wuta a tsakar gida. Ita tana kan tabarma da mazarinta tana kaɗi, mu jikoki mun kewaye ta muna tura gyaɗa cikin toka. Ba ta fara tatsuniya sai kowa ya ci tuwo ya wanke hannu. Ta ce tatsuniya ba ta shiga kunnen mai yunwa.

Ni ce mai kai ƙara a gidan. Wanda ya lashi miya, wadda ta tsaya wasa a bakin rijiya, duk a bakina ake ji. Manya suna yabona, suna cewa ba a ɓarna a gaban Hure. Kaka Ige ce kaɗai ba ta taɓa sa baki a wannan yabo ba.

Ranar da nake tunawa, na sa an doki ɗan kawuna saboda akuya ta fita ta ci ganyen wake. Na gan shi a bakin ƙofa, na ga akuya a waje, na haɗa. Da muka zauna, Kaka ta dube ni ta saman wuta.

"Ƙawata, matso nan. Ta yau taki ce."

Na matso ina jin daɗi.

"Ga ta nan tahe, ku gyara mata wuri."

Muka ce, "Ta zo ta zauna."

Ta ce a garin dabbobi akwai wata kanya ta sarki, ba mai taɓa ta. Hankaka aka sa gadi, don ba wanda ya kai shi ido. A gindin kanyar nan Ƙadangare yake shan hantsi. Wata rana Hankaka ya ga Ƙadangare ya gyaɗa kai, sai ɗan kanya ya faɗo. Ya sake gyaɗawa, wani ya faɗo. Kwana uku yana ƙirgawa, ran na huɗu ya tafi fada ya ce ya kama ɓarawo: Ƙadangare ne yake kaɗo kanya da kansa. Aka kira Ƙadangare. Ya ce shi haka Allah ya yi shi, kanya kuwa in ta nuna ba ta jiran kowa. Yana magana yana gyaɗa kai, fada ta ce to ga shi nan ma ya amsa. Aka kore shi bayan ganuwa. Washegari Hankaka yana kan reshe, ba kowa a gindi, sai ya ji tim. Ya waiga, ya sake jin tim.

"Sai ya yi mi, Kaka?"

"Sai ya ɗaura farin ƙyalle ga wuya, irin na mai zuwa biko, ya tahi neman shi. Ba ku gan shi da shi ba har yau?"

Yara suka yi ta gyaɗa kai suna kwaikwayon Ƙadangare, ana dariya. Kaka ta murza mazari a cinya ta ce, "Ido mai gaskiya ne, Hure. Baki ne ka yi mai ƙari. Ƙurunƙus, na aje ta nan, mai so ya ɗauka."

Ban ɗauka ba. Abin da na riƙe kawai shi ne, duk garin Hankaka aka zaɓa.

Aure ya kawo ni Ƙaura. Shekaru da yawa ina kai man gyaɗa da ƙuliƙuli kasuwar Shinkafi duk Alhamis. Ban yi boko ba, amma na san mota da kunne. Na hau akori-kura, na hau bas iri-iri. Na san yadda direba yake taka kulos kukan inji ya yanke, hannu ya tura giya, a ji ƙarr, sannan mota ta ɗauki sabon numfashi. Daga tura giya nake gane direban da ya yi faɗa da matarsa da safe. Abu ɗaya na haƙiƙance da shi kamar sunana: mota ba ta canja murya sai hannun mutum ya taɓa ta.

Bayan an ba mu jiha, ba a daɗe ba aka ƙaddamar da Shari'a, aka ce mata su riƙa hawa motarsu daban. Ƙanen maigidana, wanda muke kira Alhaji Ƙarami, ya sayo bas 'yar Kwatano ya sa ta hanyar Shinkafi don mata zalla. Ya ba Lawali, wani yaro natsattse da bai wuce talatin ba, yana da mata da ɗa guda. A lokacin kowa a tsorace yake da abin da za a ce, sai Alhaji ya ce da ni, "Yaya Hure, tunda duk Alhamis kina ciki, ki zama idona." Kujerata tana bayan direba daidai.

Wannan bas ba ta yi kama da duk wadda na sani ba. In Lawali ya ja sandar giya sau ɗaya a tasha, sai ta ce ɗuk a cikinta, ta girgiza, shi ke nan ba zai sake taɓawa ba. Da ya ɗaga ƙafa daga birki sai ta fara jan jiki ita kaɗai, kamar rago yana jan mai igiya. A hanya kukanta yana hawa siriri, ya hau, ya hau, sai ya sauko kamar mutum ya haɗiye yawu, ya sake hawa. Ba yankewa, ba ƙarr. Ƙafarsa ta hagu tana zaune kawai ba aikin yi. Na ji ana ce mata otomatik, na ɗauka sunan kamfani ne.

Akwai wani hawa bayan gada, in an yi nisa da Ƙaura. Nan ne abin yake. Da mun fara hawa sai bas ta yi kamar ta sake, inji ya yi ta ihu ba ta ja, sannan ta fizge gaba ɗaya. Mu manya mu kama ƙarfe. 'Yan matan da ke layi na biyu su faɗa kan juna, mayafi ya zame, su ƙyalƙyale da dariya. A daidai lokacin Lawali zai ɗaga ido ya dubi madubi.

Na dubi hannunsa. Duka biyu suna kan sitiyari. To in bai taɓa giya ba, me ya fizgi mota? Ƙafa ke nan, da gangan. Alhamis uku ina kallo, duk a wuri guda, duk da kallon madubi.

Ran na uku da muka sauka na tsare shi.

"Kai yaro, matan mutane ne ka mayar abin wasa?"

"Wane wasa, Inna?"

"Fizgar da kake yi bayan gada."

"Wallahi ba ni ba ne. Ita ka canja kanta. In ta yi zahi ta ji hawa, sai ta koma ƙaramar giya, shi ne take zabura. Na ma hwaɗa ma Alhaji a duba ta."

"Ita ka canja kanta. Ita kuma ka duban madubi?"

Ya buɗe baki zai yi magana, na juya na ɗauki kayana. A ganina na riga na samu amsa.

Da yamma na je gidan Alhaji. Da a ce shi kaɗai na samu, da wataƙila abin ya tsaya nan. Amma na tarar da matan unguwa sun zo barka, kuma ban rage murya ba. Ban ce ina zato ba. Cewa na yi na gani. Alhaji ya san motarsa sarai, ya ma fara cewa, "Yaya, irin waɗannan..." sai na ce masa in yana so a ce motarsa ce ake girgiza mata a ciki, to ya bar yaron. A wancan lokaci wannan magana ta fi ƙarfin mai mota. Kafin isha ya aika aka karɓo makulli.

Lawali bai sake samun motar fasinja a Ƙaura ba. Dattawan unguwarsu suka kira shi suka yi masa nasiha a gaban surukinsa. Matarsa ta tafi gida wata da watanni. Duk ina ji, ina cewa a raina gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Aka ba wani tsoho motar, Baba Ɗan'ali, mai farin gemu da carbi rataye a sitiyari. Alhamis ta zo, muka wuce gada, muka fara hawa. Bas ta sake, inji ya yi ihu, ta fizge. 'Yan mata suka faɗa kan juna. Baba Ɗan'ali ya ɗaga ido ya dubi madubi.

"Kowa lahiya can baya? Ku yi haƙuri, ɗiyana, halinta ne. Man giyarta ya tsuhwa, ga kaya ya yi mata yawa."

Na ce, "Malam, ba kai ka taka ta ba?"

Ya yi dariya. "Ni da ita kowa da nashi aiki, Hajiya. Nawa totur da birki. Giya kam ba ta shawara da kowa. Ko mutuwa ta yi a hanya, turi ba ya tada ta."

Ranar a Shinkafi na yi ta ba mutane ƙuliƙuli ba tare da na san wa na ba ba.

Kuskuren farko zan iya cewa jahilci ne. Na biyu ba ni da abin da zan ce. Na sani tun ranar, amma na yi shiru damina biyu. Duk Alhamis ina zaune a kujerar nan, in mun doshi gada sai in kama ƙarfe tun kafin mota ta zabura. Har aka kai ta wurin bakanike aka canja mata mai, fizgar ta ragu ta koma ɗan tari, ni dai ban daina jinta ba. Abin da ya hana ni magana ba wani abu ba ne illa sunan da aka san ni da shi. Macen da ba a ɓarna a gabanta, ta fito ta ce ita ce ta yi ɓarnar?

Ciwo ne ya kwantar da ni sati biyu, na ga kamar tafiya ce. Da na tashi na tambayi inda Lawali yake. Aka ce yana facin taya a bakin hanyar tashar jirgi. Na same shi durƙushe da taya a cikin baho yana neman inda iska take fita. Ya rame. Ya gan ni ya miƙe, ya goge hannu a riga, ya gaishe ni kamar ba abin da ya taɓa haɗa mu, har ya jawo mini benci.

Na ce, "Ban zo zama ba. Lawali, motar ce. Na gani da idona. Ka yahe mani."

Ya koma ya durƙusa gaban bahon.

"Tun yaushe kinka gani, Inna?"

Na so in rage. Na faɗa masa gaskiya.

Ya gyaɗa kai a hankali. "Na yahe, don Allah. Amma nan daga ni sai ke sai taya. Ba nan kinka hwaɗa ba."

Sau da yawa nakan koma kan tatsuniyar Kaka Ige yanzu da na kai shekarunta. Muna yara mun ɗauka labarin wauta ne, na tsuntsun da bai san kanya ba. Ashe Hankaka bai yi ƙarya a abin da ya gani ba, duk ya faru a gabansa. Laifinsa shi ne an gaya masa dalili bai tsaya ya ji ba, don ya riga ya saba a yarda da shi. Ni ma yaron nan ya gaya mini, da bakinsa, a tsakiyar kasuwa. Wanda mutane suka yarda da idonsa, shi ya fi kowa bukatar ya ji tsoron bakinsa, domin maganarsa ba a auna ta, ɗauka kawai ake yi.

Na fara da Alhaji. Ya ce ai ya sani tun farko, abin da ya wuce ya wuce, kuma ba zai kori tsoho don ya gyara mini zuciya ba. Na je wurin surukin Lawali, ya saurare ni ya ce Allah ya kyauta. Sannan Alhamis ta zo. Bas ta cika a tasha, Baba Ɗan'ali bai tayar ba tukuna. Na miƙe na juya na fuskanci mata.

Na ce, "Ku saurara. Maganar da na yi a kan Lawali direba, ba gaskiya ba ce. Motar ce ka zabura da kanta. Yaron bai yi komi ba. Ni na zalunce shi, ku kai ma wanda bai ji ba."

Wasu suka ce Allah ya yafe mana. Wasu suna gyara kaya a ƙarƙashin kujera, ba su ma ɗago ba. Can baya wata yarinya mai goyo, wadda ba ta ko fara bin hanyar ba lokacin da abin ya faru, ta taɓa ta kusa da ita.

"Wane Lawali?"

Waccan ta ce, "Wanga mai girgiza mata."

"Au, shi."

Baba Ɗan'ali ya tayar, ya ja sandar giya, mota ta ɗauka. Na zauna.