Magimfa a Mangalar Baba

Abin da na fara gani da muka isa Bungudu shi ne fararen cikkunan kifaye a kan ruwa, birjik kamar an watsa auduga. Amma bari in faro muku daga gida, ku da muke zama tabarma ɗaya a makaranta, tunda kun san da baki ba zan iya ba.

Mun tashi daga Tsafe da asuba, ni da Baba da jakinmu. Za mu gaida Gwaggo da ke aure cikin masunta, mu kuma ga ranar su, ranar da ake buɗe babban gurbin gulbi kowa ya shiga da homarsa ta kamun kifi. A mangala akwai gero da daddawa da ƙunshin magimfa, ganyen nan da mazan garinmu ke dakawa su zuba a kududdufan bayan dutse da rani, kifi ya bugu ya taso. Baba ya ce tsarabar mijin Gwaggo ce, a rage masu wahala.

Muka yada zango ƙarƙashin dutsen Kwatarkwashi, inda mikiya ke shawagi, sannan muka wuce Gusau. Can na ga leburori suna ta haƙan hanyar jirgin ƙasa. Mai fura ta ƙi karɓar kuɗin wuri, sai anini mai huji. Baba ya biya yana cewa kuɗin da aka huda tun daga gidansu ba za su yi albarka ba. Muka kwana wurin wata tsohuwa mai saukar baƙi, akuyarta mai ƙaho ɗaya ta cinye mana gefen mangala.

A Bungudu babu kiɗa, babu guɗa. Wari ne ya tare mu, sai maza riƙe da sanduna a mashigi. Wata mata ta gaya wa Baba cewa tun jiya da hantsi aka ga kifi na tasowa, wani ya zuba wa gurbi magimfa, yanzu ana kwance kayan kowane baƙo. Na dubi mangala, ga ganyen yana leƙowa ta inda akuya ta ci.

Wani dogo ne ya zaro ƙunshin. Kafin Baba ya buɗe baki an riƙe hannayensa ta baya, an kawo igiya, hularsa ta faɗi cikin taɓo. Wasu suna cewa a kai shi gaban alƙali, wasu suna cewa a gama da shi nan. Gwaggo ta fito ba mayafi tana rantsuwa, ba mai jin ta. Ni kuwa na ƙanƙame wuyan jaki.

Sai Sarkin Ruwa ya iso, tsohon da ke tsaron gurbin, wanda sai da izininsa ake jefa homa. Ya juya ƙunshin, ya ga ba a kwance shi ba. Bai tambayi Baba komai ba, ni ya duba.

"Ke ɗiya, ina kunka kwana jiya?"

Duk idanu suka dawo kaina. Ina jin igiya na ƙara a hannun Baba. Da ƙyar na ce Gusau, gidan tsohuwa mai akuya mai ƙaho ɗaya, ita ta ci mangalarmu. Wani masunci ya yi dariyar da bai shirya ba, ya ce ya san ja'irar, ta taɓa cinye masa kwando. Tsohon ya sa aka kwance Baba.

Bai sallame mu ba dai. Ya ɗauko wata tarwaɗa ya matsa cikinta, ƙwai ya zubo a tafinsa. Ya ce wa Baba gurbin nan ba ya ƙafewa, a nan kifin gulbin duka ke jiran damina. Shi ya sa ake hana shi sai rana ɗaya, da homa mai faɗin ido don ƙanana su zille.

"Homa na zaɓe, Malam. Magimfa ba ta san uwa ba, ba ta san ɗa ba."

Ya ce bana babu bikin su, baɗi ma sai abin da Allah ya yi. Baba da hannunsa ya ƙona ƙunshin, ya shiga cikin masu kwashe mushen ana binnewa. Na taya Gwaggo tsince ƙananan da suka maƙale a ciyawa, wasu ba su kai ɗan yatsana ba. Wanda ya yi ɓarnar ba a gano shi ba har muka taho.

A hanyar dawowa shatin igiya na nan a hannun Baba. Ni kuma ina ta tunanin kududdufanmu. Akwai guda mai zurfi ƙarƙashin tsamiya da ban taɓa ganin ya ƙafe ba, kuma Inna na yawan cewa kifinsa na da ya fi na yanzu girma.

Da dutsen Tsafe ya bayyana, na jira jaki ya shiga tsakaninmu don kada mu haɗa ido.

"Baba, don Allah, in za a zuba bana, a bar na gindin tsamiya."