Sunan Ɗan Fari

Shekarar da ɗan farina ya sami aiki a Birmingham, ya kwashe iyalinsa suka koma Aston. Ni na ce ba inda za ni, likitana yana nan, masallacina yana nan. Aka bar ni a flat ɗinmu na Whalley Range, hawa na biyu, daga ni sai taga.

Shi aikinsa kwamfuta ne. Kafin ya tafi ya ɗora wata 'yar na'ura mai jin magana a kan firji. Ya ce, "Mama, karatun Alƙur'ani da lokacin salla, ki tambaye ta kai tsaye. Amma hita da buga waya na kulle su a account ɗina, don yara sun sha wasa da su. Ke na ba ki izini. Ki ce mata da sunan wane, ki faɗi sunana, sai ta yi miki kamar ni ne na sa ta."

Matarsa ta yi dariya. "Kai ma dai. Mama ce za ta kama sunanka?"

Ya ce, "Ai inji ne, ba mutum ba."

Shekara arba'in da 'yan kai bakina bai taɓa furta sunan nan ba. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Yaron nan nake cewa.

To, sanyi ya shigo. Na ce da na'urar, da sunan yaron nan, kunna hita. Ta yi Turancinta, ta ƙi. Na ce da sunan baban jikokina. Ta ƙi. Kwana huɗu ina cikin rigar sanyi biyu da bargo. Sanyin ma da sauƙi. Muryarsa ce ban ji ba, shi kuma yana can yana ganin tunda ban kira ba, lafiya lau nake.

Ranar Juma'a bayan la'asar na ja labule, kamar akwai mai kallo. Na tsaya gaban firji na ce ta buga masa waya, na faɗi sunan a hankali. Ba ta ji ba. Sai da na maimaita da ƙarfi, sunan ya cika ɗakin da ba kowa.

Ta buga. Ya ɗauka.

"Mama? Yaya aka yi ta yarda?"

Na ce, "Yaran sun ci abinci?"

Bai sake tambaya ba. Ya ce, "Sun ci."

Na ce, "To, kunna mini hita daga can." Kama sunan da na yi ya isa a rana guda.